'Yan Amshin Taman Melati

Da sunan Allah na ɗauki biro yau, ina roƙonsa ya ara min numfashin da zan kai ƙarshen wannan babi, don shi ne wanda na daɗe ina kewayewa. Na rubuta muku ƙuruciyata a Gwammaja, na rubuta yadda aka kai ni gidan Babanku, har rigimar keken ɗinkina na farko ban bari ba, amma duk sanda na iso shekararmu ta ƙarshe a Malesiya sai in ce idona na yaji, in rufe. Abin da na ji jiya ne ya tayar da ni. Ina kwance da la'asar a ɗakin da Abba ya ware min a gidansa na Danau Kota, nan Malesiya, tun da ya ɗauko ni daga Kano don ganin likita, sai na jiyo shi a baranda yana waya da ke, Zainab. Bangon gidajen garin nan ba ya riƙe magana. Ya sassauta murya ya ce:

"Umma da sauƙi. Kada ki tayar da hankalinki. Ki gaya wa Fa'iza ma haka."

Na ce a raina, la'ilaha illallahu, ashe kalmar nan ta "da sauƙi" tana nan zaune tana jirana a garin da na bar ta. Na san abin da kuka taso kuna ji a bakin gwaggwanninku: wai ni na yanke wa Babanku karatu, wai da na iya riƙe bakina da yana Dakta zai mutu, ba yana Malam ba. Ban taɓa tankawa ba, don mace ba ta shari'a da dangin miji ta ci. Yanzu yawancin masu faɗar suna ƙasa, shi ma yana ƙasa. Sai ku ji daga bakin wadda ta yi.

Lokacin muna zaune a Taman Melati, hawa na tara, a gidan da in jirgin ƙasa ya wuce sai kofuna sun yi rawa a kanta. Kwalejin da Babanku yake koyarwa ce ta turo shi ƙaro karatu, digiri na uku. Duk 'yan ƙasarmu da ke unguwar, wannan injiniya yake karanta, wancan kwamfuta, wani harkar banki ta Musulunci. Shi kaɗai ne ya tsallako duniya don wasan kwaikwayon Girkawan da, mutanen da ƙasusuwansu ma sun daɗe da zama ƙasa. Akwai Alhaji Tanko, ɗan kasuwa a Wangsa Maju, wanda ke sayar wa ɗalibai tikitin jirgi yana aika musu kaya gida, shi ne kamar uban 'yan arewa a wurin. In ya ga Babanku a masallaci sai ya ce:

"Malam, yanzu fisabilillahi tashe ka zo koyo har Malesiya? Ai da ka tsaya a Ƙofar Mata an koya maka kyauta."

Babanku sai ya yi dariya har yana share ido. Ba ya jin haushi, don shi abin ya shiga jininsa. A kan tabarmar cin abinci ma ba mu tsira ba. Tuwo na hucewa yana ba mu labarin yadda mutanen nan suke sassaƙa kujerun dutse a jikin tsauni, gari guda ya fito tun da safe ya zauna kallo. Ya ce 'yan wasan ba su da yawa, maza ne zalla, kowa da fuskar da aka ƙera masa yake rufe tasa, in ya sauya fuska ya zama wani mutum. A gefe kuma akwai 'yan amshi, su ne mutanen gari, suna waƙa suna jimamin abin da ke faruwa. Ya ce ba a taɓa kashe mutum a gaban 'yan kallo, sai dai ɗan aike ya shigo a guje ya faɗi abin da ya gani. Kuma duk wanda ya zauna a kan dutsen nan ya riga ya san ƙarshen labarin, mutumin da ke tsakiyar fili ne kaɗai bai sani ba. Kai Abba, kana aji shida lokacin, sai ka ɗago kai ka ce, "Boleh mu ci abinci yanzu, Baba?", kana neman izini da yaren mutanen garin. Ni kuwa ina zuba miya ina cewa Allah ya raba mu da wasan da ba dariya a cikinsa.

Jarrabawarsa ta ƙarshe ba rubutu kaɗai ba ce. Sai ya shirya wasa irin nasu, ya nuna a gaban malaman da za su auna shi, cikinsu har da wata tsohuwar farfesa da aka gayyato daga wata ƙasa mai nisa, ranar nan kawai za ta yi ta koma. A watan ne kuma hutun karatunsa ke ƙarewa, takardar zamanmu ma haka. Shi ya rubuta wasan da hannunsa: wani sarkin ruwa ne ya dawo daga doguwar tafiya da ganima, gari na ta kiɗa ana masa maraba, alhali ambaliya ta cinye gidansa da iyalinsa, ba wanda ya iya gaya masa. Shi zai fito a sarkin ruwan. Samari ɗalibai 'yan gida ya tara suka zama 'yan amshi, wani Kabiru ɗan Gumel ya zama ɗan aike. Fuskokin kuwa ni na yi su. Tsofaffin jaridu nake karɓowa a kedai, wato kantin Ba'indiyen da ke ƙasan gidanmu, in dama sitacin rogo, in yi ta liƙawa a bayan roba har ta yi kauri, in yanke ido in yanke baki. Garin nan ba ya barin abu ya bushe. Kullum bayan azahar sai an yi ruwa, in na shanya su a baranda sai in tarar fumfuna ta fara cin su, dole na koma kunna musu fanka a falo. Kina rarrafe lokacin, Fa'iza, in kika gan su jere da bakuna a wangame sai ki ƙwala ihu.

Kakarku Inna tana nan da ranta a lokacin, ko in ce haka muka sani. Duk Juma'a bayan la'asar, sanda can gida hantsi ne, Babanku sai ya kira wayar yayansa, Baffanku Sule, a miƙa mata. Inna ihu take yi a waya, wai tunda wurin da nisa sai an ɗaga murya, muna kicin muna jin ta. "Autana, ka ci abinci? Rabi tana ba ka tuwo ko sai shinkafar mutanen nan?" Ranar da za mu taho ma, da ta riƙe hannunsa a soro, cewa ta yi ita dai burinta ta sake ganinsa kafin ƙasa ta rufe mata ido. Na ji da kunnena, ina tsaye da goyo.

Wata Talata da la'asar, wasan saura kwanaki kaɗan, ina tsaka da liƙa fuskar ƙarshe wayata ta yi ƙara. Yaya Sule ne. Tun da aka kawo ni gidansu bai taɓa kiran wayata ba, gaisuwa ma daga nesa muke yi. Na goge hannu na ɗauka.

"Rabi, ke kaɗai ce?"

"Ni kaɗai ce, Yaya. Lafiya?"

"Lafiya lau. Jikin Inna ne ya ɗan motsa. Ba na so mijinki ya ji sai ya gama abin da ke gabansa. Ran Juma'a in ya kira za mu ce ta tafi ƙauye wajen ƙanwarta, can babu sabis. Ke ce kusa da shi, ki taya mu rufewa."

"Yaya, jikin da yawa ne?"

"Da sauƙi. Ke dai ki yi abin da na ce. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Ni ba yarinya ba ce. In Bakano ya ce jikin tsohuwa ya ɗan motsa, har ya kira matar ƙaninsa daga wata uwa duniya, to an fara karanta mata Yasin. Kuma ni an taɓa yi min irin wannan rufin. Ina da tsohon cikin Zainab mahaifiyata ta rasu a Ringim, aka haɗa baki aka ɓoye min har sai bayan suna, wai don kada in firgita. Ranar da ake haƙa kabarinta ni ina zaune ana ƙunsa min lalle, ina ƙyalƙyala dariya da ƙawaye. Na yafe musu tuntuni, amma dariyar nan ban yafe wa kaina ita ba, har yau in na ji ƙanshin lalle sai in tashi in bar wurin. Duk da haka na ce wa Yaya to, don ba a yi wa babban wa musu.

Washegari mata suka fara zuwa. Maman Hanifa ce ta fara, aminiyata, matar wani malami a Wangsa Maju, ta shigo da kula cike da waina ba tare da na ce ina so ba. Bayanta wata, bayanta wata. Su zauna a kan kafet, su yi shiru, su kalli fuskokin da ke jere, su kalle ni, su sunkuyar da kai. Wata ta buɗe baki ta ce, "Maman Abba, ya muka ji da..." sai ta haɗiye sauran, ta ce, "da wannan ruwa." Na ɗauka labarin rashin lafiyar ne ya zaga, sun zo taya ni riƙe sirri. Har daɗi na ji, na ce Allah sarki, zaman baƙunta ya sa mun zama 'yan uwa. Kukan kurciya jawabi ne, amma ranar ni ban kasance cikin masu hankali ba.

Juma'a ta zo, Babanku ya kira, aka ce masa Inna tana ƙauye. Ya juyo ya dube ni yana mamaki, na ce ai dama ta daɗe tana zancen ƙanwar tata. Da yammar nan samarin suka zo gwaji a falonmu, aka ture kujeru, kowa ya ɗaura fuskarsa. Babanku ya shigo yana taku irin na sarki, yana tambayar 'yan amshi me ya sa kiɗan nasu ba armashi, su kuma suna kewaye shi da waƙa suna kauce wa amsa. Da aka zo wurin da ɗan aike zai faɗi labari, Kabiru ya durƙusa, ya fara magana, sai muryarsa ta karye. Kuka ya ƙwace masa na gaske, har hawaye ya jiƙa takardar fuskar ya ɓata min fenti. Babanku ya cire fuskarsa yana murna, ya dafa kafaɗarsa.

"Yawwa, Kabiru! Haka nake so. Ran wasa ka yi min irin wannan, ka gama min komai."

Ba wanda ya ɗago kai a cikin samarin nan. Da suka tafi, ina kwashe kwanuka, na kasa haƙuri na tambaye shi:

"Malam, su waɗannan 'yan amshin naka, tunda sun sani, me ya hana ɗaya ya buɗe baki ya gaya wa bawan Allah?"

"Ba aikinsu ba ne. Nasu su tsaya su yi jimami."

"Ashe mugaye ne."

"A'a, Rabi, masu tausayi ne. Kowa a cikinsu yana son sa. Kowa kuma yana jira wani ya faɗa."

Ya ci gaba da suɗe hannunsa, ni kuwa na shige kicin na buɗe famfo don kada ya ji ni.

Wasan ran Litinin ne. Asabar na yi ta juyi, ina auna abu biyu. In na yi shiru, zai samu takardar da ya bar gida shekaru dominta, amma wataƙila Inna ta tafi tana kiran Autanta, shi yana can yana rawa da fuskar takarda. In na faɗa, na san shi, ba zai kwana ba sai a jirgi. Na yi alwala na yi sallah na roƙi zaɓin Allah, ban ji komai ba sai ƙanshin lallen nan. Lahadi da hantsi, kuna ƙasa wurin lilo, ya ce in gyara masa igiyar fuskarsa ta sarki, tana matse masa kunne. Ya ɗaura ta ya tsaya a gabana, ina bayansa da allura. Ina jin da a ce idonsa nake kallo da ban iya ba.

"Malam, Inna ba ta ƙauye. Tana kwance, jikin ya yi tsanani. Yaya ne ya kira ni ya ce in rufe maka."

Bai motsa ba. Na zagayo gabansa, ba abin da nake gani sai ƙaton bakin nan da na yanka da almakashina, da idanunsa can ciki. Da ya cire ta, sai ya ajiye a hankali a kan keken ɗinki, ya ɗauki waya. Ina jin muryar Yaya Sule tana fitowa, yana rantsuwa da sauƙi, yana cewa ka gama abin da ka je yi. Babanku ya ce:

"Yaya, ban ce ta yi magana ba. Ka kara mata wayar a baki in ji numfashinta."

Yaya ya ce barci take, likita ya hana a tashe ta, sannan ya kashe wayar.

Tare muka tafi shagon Alhaji Tanko. Ku saurara da kyau, don a nan komai ya lalace, ba a falona ba. Alhaji na ganinmu ya miƙe, gumi na keto masa duk da sanyin na'ura. Da ya ji abin da ya kawo mu ya fara kame-kame, wai babu kujera a jirgi, wai kwamfutar ta tsaya. Babanku ya ce to bari ya je wurin Basinen da ke sayar da tikiti a gaba. Alhaji ya riƙo hannun rigarsa.

"Haba Malam, gobe-goben nan ce fa. Ka yi wasanka, jibi ni da kaina zan kai ka filin jirgi."

"Alhaji, kai babba ne. Ka lamunce min in na kai jibi zan same ta da rai, in zauna."

Alhaji ya buɗe baki. Wallahi na ga maganar ta taho har maƙogwaronsa. Sai ya juya ya kalli kwamfutarsa, ya danna, takarda ta fito. Ya miƙa masa tikiti da hannu biyu ya ce Allah ya kiyaye hanya. Da yamma samarin nan duka suka zo, wannan ya ɗauki jaka, wancan ya riƙe lema, suka raka shi har tashar jirgin ƙasa ta Taman Melati. Kabiru ya rungume shi yana kuka. Babanku na lallashinsa, yana ba su haƙurin wahalar da ya sa su ta tashi a banza. Jirgi ya zo, ƙofa ta rufe, suna tsaye a jere suna ɗaga masa hannu.

Ranar Litinin, a daidai lokacin da ya kamata a ce yana kan dandali, ina zaune a falo tsakanin fuskoki da fararen rigunan wasan da na goge na ninke. Sai bayan magariba wayarsa ta shigo. Muryar ba tasa ba ce.

"Rabi, na iso. Na tarar da tabarmi a ƙofar gida. Yau ake sadakar bakwai."

Na ce, "Bakwai ɗin wa?" don kaina ya ƙi ɗauka.

"Tun kafin Yaya ya kira ki aka binne ta."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ashe ranar da Yaya Sule yake ce min jiki ya ɗan motsa, daga maƙabarta ya dawo. Ya kira Alhaji Tanko ya gaya masa gaskiya, Alhaji ya gaya wa matarsa, kafin isha'i duk wani Bahaushe daga Wangsa Maju zuwa Danau Kota ya sani. Wainar Maman Hanifa ta zaman makoki ce. Kukan Kabiru na ta'aziyya ne. Ni da nake ganin ina cikin masu sani, ina tausaya wa Babanku, ashe tare muke a tsakiyar fili ana kallonmu. Ni aka ba rabin magana don an ce mace ce, ba za ta iya ɗaukar dukanta ba. Ku duba fa: da mutum ɗaya, ɗaya tak, ya ce masa Malam, haƙuri za ka yi, Inna ta riga mu, an rufe ta, da zai yi kukansa, ya yi mata addu'a, ya tashi Litinin ya yi wasansa, don babu sauran abin gudu a tarar. Da abu ɗaya ya rasa. Sai suka bar shi ya rasa biyu, suna riƙe masa jaka.

Da gari ya waye na saɓa Fa'iza a baya na nufi gidan Maman Hanifa. Ban yi sallama mai kyau ba, na yarda. Na same ta tana yanka albasa.

"Kin sani?"

Ta saki wuƙar ta fashe da kuka. "Maman Abba, wallahi bakina ne ya kasa. Wa zai so a ce daga bakinsa aka ji? Mun ɗauka Alhaji zai faɗa."

"Shi kuma Alhaji ya ɗauka wa zai faɗa? Ba'indiyen kanti?"

Na gaya mata maganganun da ba zan rubuta ba. Daga baya mun shirya, har ta zo bikinki, Zainab, amma ban sake cin wainarta ba.

Farfesar ta zo ta tarar da dandali babu kowa, ta koma ƙasarsu. Jami'ar ba ta ƙi ba shi wata rana ba, sai dai hutunsa ya ƙare, ba a ƙara masa ba, takardar zama ta mutu, samarin kuma suka gama karatunsu suka watse. Ya yi ta cewa baɗi, baɗi, har baɗin ta gaji ta daina zuwa. Ni kaɗai na tattara gidan nan da ku uku. Fuskokin, da na kashe fanka kwana biyu, duk suka yi baƙi suka lanƙwashe, na zuba su a buhu na kai shara. Da muka sauka Kano ko gaisuwar rasuwa ban gama ba aka fara jifana. Wai baki shi ke yanka wuya. Wai an ba ni amana na ci. Yaya Sule ya yi shekara bai amsa gaisuwata ba, shi da ya yi min ƙarya ya sa ni yi wa mijina ƙarya. Babanku ya koma aji, yaran da ya koyar suka zama daktoci suka zama shugabanninsa, yana miƙe musu in sun shigo. Littattafan Girkawan nan ya ɗaure su a kwali ya tura ƙarƙashin gado. Mutumin da ba ya barinmu mu ci tuwo da zafi ya koma cin abinci shiru, kun gani da idonku, ko da ba ku san dalili ba.

Bai taɓa ɗora min laifi ba, ko da wasa, kuma wannan ya fi zagin nauyi a wurina. Sau ɗaya muka yi zancen. Bayan ya yi ritaya ne, muna zaune a tsakar gida ina tsince shinkafa, na ce masa in na cuce shi ya yafe min. Can ya ce:

"A garin nan kaf ke kaɗai kika buɗe baki. Abin da aka ba ki shi kika ba ni. In an sake dawo da ranar, ki sake faɗa."

Sannan ya ce in yi masa alkawari, in tasa ta zo, kada in ce muku da sauƙi. Shi ya sa ranar da likita ya girgiza kai na kira ku ɗaya bayan ɗaya na ce Babanku tafiya zai yi, ku taho yau. Na san kin ce ba ni da tausayi, Fa'iza, an gaya min. Amma ke kika ɗiga masa ruwa na ƙarshe a baki, Abba ya laƙƙana masa kalmar shahada, Zainab tana riƙe da ƙafarsa. Ya ga fuskokinku duka uku kafin ya rufe ido.

To, Abba, ban ji haushinka ba. Ɗan kirki ne kai, tausayi ne ya sa ka, irin na Alhaji Tanko, irin na Baffanka. Amma ni na zauna a gaban likitan nan, kuma shekarun da na yi a garin nan ban yi su a banza ba, na ji abin da ya gaya maka da Turanci kafin ka juyo ka fassara min wani abu dabam. Na ga kuma matarka ta fara kiran ƙawayenta suna zuwa suna zama shiru a falo. In na ajiye biron nan zan ba ka ka ɗauki hoton shafukan ka tura wa ƙannenka, a gabana, kada ka cire ko layi ɗaya.

Zainab, Fa'iza, babu sauƙi. Ina nan da hankalina, ina gane mutane, ina iya shan kunu. Ku nemi izinin mazajenku, ku ɗauko min jikokina, ku taho yanzu.